Juye waƙa daga faifan CD: sauti yana raguwa ko ba ya raguwa? Tambayoyi da amsoshi

Shagona yana kusa da babbar kasuwar Maradi. Cajin salula nake yi, da tura waƙa da wa'azi a memwar, da ɗan gyaran kwamfuta. Tun da na'urorin DVD suka soma mutuwa a gidaje, babu makon da zai wuce wani bai shigo da kwali ko baƙar leda cike da faifai ba, ya ce a juye masa. Kuma kowa da tambayarsa a baki. Wasu tambayoyin na amsa su har harshena ya gaji, shi ya sa na tara su a nan.

Malam, in an juye waƙa daga faifai zuwa kwamfuta, sautin yana raguwa?

A'a. In dai an karanta faifan daidai, kuma ba a matse abin da aka ɗebo ba, ko ƙwayar zarra ba ta raguwa.

Na san daga inda tsoron ya fito. Mu da muka tashi a zamanin kaset mun ga abin da idonmu. Kaset ɗin da aka juyo daga na asali, sannan aka juyi wani daga wannan, tamkar shayin fada yake: na farko da ɗaci da ƙarfi, na biyu ya sassauta, na uku kuwa sai ruwa da sukari. Duk juyi sai ya ƙara shuu ɗin nan, ya rage kaifin murya. Dalili shi ne kaset kamannin sautin kansa yake riƙewa a jikin zare, kuma kowane rikoda yana ƙara nasa dattin.

CD ba haka yake ba. Abin da ke cikinsa lambobi ne zalla. Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsayar da ƙa'idarsa a 1980, aka fara sayar da shi a Japan a 1982. Bisa ƙa'idar, ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo a rubuta shi da bit 16 (bit shi ne ƙwayar lamba guda, sifili ko ɗaya), ɓangaren dama daban na hagu daban. Juyewa kuwa ba komai ba ce illa kwafe waɗannan lambobi. Ɗan kasuwar da ya rubuta buhu 347 na wake a littafinsa, yaronsa ya kwafe a wani littafi, ai 347 ɗin nan ba ta komawa 346 da rabi don ta gaji da tafiya. Ko dai an kwafe daidai, ko an yi kuskure. Babu tsaka-tsaki.

To me ya sa wanda aka juye mini bai kai faifan daɗi ba?

Ruwa ba ya tsami banza, kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Sai dai ba juyewar ce ta yi ɓarnar ba. Yawanci mai juyewar ya matse waƙar zuwa ƙaramin MP3 don ta shiga memwar da yawa, sau da dama ma bai san ya yi ba, manhajar ce ta zo a saite haka. Wani lokacin faifan ne ya kurje, aka karanta shi da gaggawa. Wani lokacin kuma, kuma wannan ne mutane ba sa son ji, faifan kana sauraronsa ne a babbar na'urar falo mai lasifika biyu, wanda aka juye kuwa a lasifikar salula wadda ba ta kai girman ƙwayar gujiya ba. Kafin ka yanke hukunci, haɗa salular da waccan na'urar ta falo ka sake saurare.

Na buɗe faifan a kwamfuta, na jawo waƙoƙin zuwa kile, wato filas, amma sun ƙi yi. Me ya faru?

Ba waƙoƙin ka jawo ba. Abubuwan nan da Windows yake nuna maka, Track01.cda da ƴan'uwansa, alamomi ne kawai masu nuna inda kowace waƙa ta fara a jikin faifan. Kowanne bayit 44 ne tak. Kamar ka tsige allon sunan unguwa ne ka sa a aljihu, ka ce ka ɗauko unguwar. Faifan waƙa na ainihi ba shi da fayil a ciki, dole sai da manhajar da take bin sautin tana karantawa tana rubutawa.

Mene ne bambancin WAV da FLAC da MP3? Wanne zan ce a yi mini?

A nan ne duk maganar take, don haka bari in zauna a kanta.

WAV shi ne lambobin faifan kamar yadda suke, ba a taɓa komai ba. In ka lissafa 44,100 sau 16 sau 2, za ka samu bit 1,411,200 a daƙiƙa, wato kilobit 1,411. Minti guda yana cin megabayit goma da ɗoriya. Faifai cikakke na minti 80 zai ba ka megabayit 800 da ɗoriya.

FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, yana naɗe lambobin ne ba tare da ya zubar da ko guda ba. Kamar tabarma ce: ka naɗe ta don ta shiga bayan ƙofa, in baƙo ya zo ka shimfiɗa, ba ta rasa ko zare ɗaya na kaba ba. Yawanci yana mayar da fayil tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na girmansa. In ka warware FLAC ya koma WAV, za ka samu daidai abin da ka naɗe. Apple ma yana da irin nasa, ALAC, tun 2004, aikinsu ɗaya.

MP3 kuwa wani abu ne daban. Masana a cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su ne kan gaba wajen haɗa shi, aka tsayar da ƙa'idarsa a farkon shekarun 1990. Dabararsu ta dogara ne a kan raunin kunnen ɗan Adam: in babban sauti ya tashi, ƙaramin da ke kusa da shi ba ya jiyuwa, kamar yadda ba ka jin raɗar maƙwabcinka lokacin da ake buga tambari. Sai MP3 ya ce tunda ba za ka ji ba, bari in rage masa kulawa ko in yar da shi gaba ɗaya. Da haka waƙa take komawa kilobit 128, ƙasa da megabayit guda a minti, wato an rage ta kusan sau goma sha ɗaya. Iyakar MP3 na sama kilobit 320 ne, megabayit 2.4 a minti.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne abin da MP3 ya zubar ya tafi ke nan. Gujiyar da aka tatse mai aka yi ƙuli-ƙuli da ita, ƙuli-ƙulin yana da daɗi, yana da sauƙin ɗauka, amma ba ya sake komawa gujiya.

Shawarata ga duk wanda ya kawo faifan da yake ji da shi: a juye shi sau ɗaya zuwa FLAC, a adana wannan a matsayin uwa. Daga uwar sai a riƙa cirar MP3 don mota da salula da ƴar rediyon nan mai ramin kile, domin yawancin ƙananan rediyoyin MP3 kaɗai suka sani. Salular Android kuwa ta daɗe da iya buɗe FLAC, iPhone ma ta iya tun 2017.

Da gaske kunne yana rarrabewa, ko dai iyayi ne na masu kwamfuta?

Mun taɓa gwada wannan a fadarmu, wani dare bayan isha'i, saboda gardama ta yi tsawo tsakanin wani abokina makanike da wani ƙanenmu mai karatu a jami'a. Na ɗauko kiɗan gargajiya guda daga faifai mai kyau, mai kalangu da caki da amshin mata. Na yi shi kala huɗu: FLAC, da MP3 na 320, da na 128, da na 64. Na sauya musu suna zuwa lambobi, na ba kowa abin sawa a kunne ɗaya, ni kaɗai na san wanne ne wanne.

Na 64 kowa ya kama shi kafin a kai rabin minti. Cakin ya daina cas-cas, ya koma kamar ana wasa da ruwa a cikin kwano. Na 128 mutum biyu suka gane, su ma sai da suka sake saurare, kuma a wurin cakin nan dai da bugun kalangu suka kama shi, don bakin bugun ya ɗan dushe, kamar an yafa masa tsumma. Tsakanin 320 da FLAC kuwa babu wanda ya iya tsayawa a kan magana ɗaya. Ƙanen namu da ya fi kowa cika baki ya nuna na 320 ya rantse shi ne na asali. Har yau in ya zo shago makaniken yana tsokanarsa.

Akwai dalilin da ya sa caki ne yake tona asiri. Siririn sauti mai kaifi, irin na caki da sambani da tafi, da kuma bugun da yake faɗowa farat ɗaya, su ne suka fi wahalar da MP3. Muryar mutum ɗaya yana wa'azi ko tafsiri ba ta da wannan nauyi, ƙaramin MP3 ma yana ɗaukarta lafiya.

In kunne ba ya bambance 320 da FLAC, to mene ne amfanin ɓata wuri?

Amfaninsa gobe ne. Yau kana son MP3, gobe ɗanka zai so ya yanko wani wuri ya sa a bidiyo, ko ya mayar da shi wani tsari da na'urar lokacinsa take so. Duk sanda aka buɗe MP3 aka sake matse shi, sai an sake zubar da wani abu a kan wanda aka zubar a baya. Nan ne shayin fada yake dawowa. Mai uwa a ajiye ba ruwansa da wannan, kullum daga tushe yake ɗiba.

Wani ya ce zai mayar mini da MP3 na 128 zuwa 320, ko zuwa FLAC, don ya ƙara kyau. Zai yiwu?

Fayil ɗin zai ƙara nauyi, sautin ba zai ƙara komai ba. In ma 320 ɗin aka mayar da shi, ɗan raguwa zai yi, don an sake matsa. Haka nan shafukan da suke ciro waƙa daga YouTube su rubuta maka 320 a jiki: abin da suka samo tun farko matsattse ne, sun dai zuba mudu guda a cikin babban buhu.

Faifaina ya kurje. Za a iya juye shi daidai?

Sau da yawa ana iyawa, amma nan ne ake gane mai aiki da mai sauri.

Waɗanda suka ƙera CD sun san za a kurje shi, sai suka yi masa tanadi. Ba a jera lambobin waƙa wuri guda, warwatsa su ake yi a kan layin, kamar matafiyin da ya raba kuɗinsa aljihu huɗu don kada ɓarawo ɗaya ya gama da shi. Sannan an ƙara wasu lambobi na lissafi waɗanda da su ake gano abin da ya ɓace a mayar da shi daidai. Sunan tsarin CIRC. Yana iya cike giɓin da ya kai kusan milimita biyu da rabi a tsawon layi, cikewa ta gaskiya, ba ta kintace ba.

In ɓarnar ta wuce haka, na'urar kunna faifai ba ta tsayawa. Sai ta dubi awon da ke gaba da wanda ke baya ta kintaci na tsakiya, ko ta yi shiru na ƙiftawar ido ta wuce. Ita burinta kada kiɗa ya yanke. Manhajar juyewa ta gaggawa ma haka take yi: abin da ta gani a karo na farko shi take rubutawa, kuma wannan ɗan ƙas ɗin zai zauna a fayil ɗinka har abada.

Manhaja mai haƙuri kuwa komawa take yi. Ni Exact Audio Copy nake amfani da ita, wadda wani Bajamushe, Andre Wiethoff, ya fitar a 1998, kuma kyauta ce. Tana karanta wuri fiye da sau ɗaya ta gwada, in ba su yi daidai ba ta yi ta maimaitawa, in ta gaza kuma ta rubuta maka minti da daƙiƙar da take shakka. Akwai dBpoweramp ta kuɗi, akwai XLD ga masu Mac, akwai cdparanoia ga masu Linux. Mai amfani da iTunes ya shiga saiti ya kunna gyaran kuskure, don ba a kunne yake zuwa ba.

Wani Alhaji daga Tibiri ya taɓa kawo mini faifan bikin ƴarsa ta fari, kiɗan da aka ɗauka a ƙofar gidansa, har da muryar mahaifiyarsa tana sa albarka, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa. Faifan ya sha zama a gaban mota, bayansa kamar an yi shara da shi. Ya ce, «Ɗana, ko muryar tsohuwa kaɗai ka ciro mini, ya isa.» Na wanke shi da ruwa da ɗigon sabulu, na tsane. Makarancin faifan kwamfutata ya kai waƙa ta huɗu ya tsaya yana ta kuka. Na aro wani na waje mai igiya daga maƙwabcina, shi kuma ya wuce ta huɗu lafiya ya maƙale a ta bakwai. Daga la'asar har aka rufe kasuwa, ga wuta ta ɗauke sau ɗaya a tsakani. Daga ƙarshe na haɗa abin da wannan ya karanta da abin da wancan ya karanta, wurare uku kawai suka rage da shakka, kuma babu ko ɗaya a kan muryar tsohuwa. Da na sa masa a kunne bai ce komai ba, ya dai cire hula ya riƙe a hannu har ta gama addu'ar. Tun ranar nake ajiye makaranci biyu a shago.

Yaya ake goge faifai?

Da tsumma mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki, miƙe. Kada ka bi zagaye. Layin sautin zagayawa yake yi daga ciki zuwa waje, tsawonsa ya haura kilomita biyar, don haka kurjin da ya gicciya layin ɗan wuri yake ci a kowane zagaye, CIRC ya cike shi. Wanda ya bi layin kuwa yana shafe dogon wuri a jere. In da ƙurar hunturu a kai, fara zuba ruwa, don gogewa a bushe yashi ne kake ja a kan faifan. Kuma ku daina goga shi a gaban riga, don Allah.

Wani abin da mutane ba su sani ba: gefen da ake rubutu a kai ya fi gefen mai ƙyalli rauni. Kaurin faifai milimita 1.2 ne, kusan duka roba ce mai gani-gani, siririn ƙarfen da ke mayar da hasken leza yana can sama dab da rubutun. Kurji ta ƙasa roba ya taɓa, ana iya lallaɓawa. Kurji ta sama kuwa sautin kansa ya kankare. Ɗaga faifan ka duba a hasken rana, in ka ga ƴan huji haske yana ratsowa, wurin ya tafi. Biro mai tsini ma yana yin wannan ɓarna.

Ta yaya zan tabbata juyin ya yi daidai ɗari bisa ɗari?

Akwai wata ma'ajiya a intanet, AccurateRip, inda masu juyewa daga ko'ina a duniya suke tura lambar shaidar kowace waƙa da suka juye, wato lambar da manhaja take lissafowa daga lambobin waƙar. In taka ta yi daidai da ta wasu mutane masu wasu na'urori da wasu kwafe na faifan, magana ta ƙare. Matsalarmu a nan ita ce faifan da aka buga a Maradi ko Katsina ko Kano da wuya ka same shi a ciki, balle na biki ko na wa'azin masallacin unguwa. Ga irin waɗannan sai a karanta kowace waƙa sau biyu a gwada lambar shaidar. In da hali a sake da makaranci na biyu. Sun yi daidai, ka kwanta da hankalinka.

Makarancin faifai mai tsada ya fi ba da sauti mai daɗi?

A wajen juyewa, a'a. In biyu sun karanta daidai, lambobi ɗaya za su ba ka, ko ɗaya na jikka biyar ne ɗaya na jikka ɗari. Bambancinsu yana fitowa ne a kan faifai mai rauni, kamar yadda na Alhaji ya nuna mini, kuma ba kullum mai tsadar ne yake cin nasara ba. Akwai kuma ɗan gocin da kowane makaranci yake da shi a wurin farawa, wani awo shida, wani ɗari shida da wani abu. Ko ɗari shidan bai kai kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba, kunne ba ya ji, manhaja tana daidaita shi ne kawai don gwadawa da na wasu ta yiwu.

Inda kuɗi yake magana shi ne wajen kunnawa: abin da yake mayar da lambobi sauti, da amfilifaya, da lasifika, da ɗakin da kake zaune.

Gudun juyewa fa? An ce a yi a hankali ya fi.

Ga lafiyayyen faifai babu bambanci. Ga kurjajje, rage gudu yakan taimaka.

Faifan da na saya a tasha an rubuta waƙa 150 a jiki. In an juye shi zuwa FLAC zan samu sautin asali?

Ba za ka samu ba. Faifan waƙa na ainihi ba ya wuce minti 74 zuwa 80, kuma ƙa'idarsa ba ta yarda da fiye da waƙa 99 ba. Mai 150 faifan ajiya ne da aka zuba wa MP3, wanda a kilobit 128 yana ɗaukar kusan awa goma sha biyu. Wannan ba ya bukatar wata manhaja, buɗe shi ka kwafe fayilolin kamar yadda suke, kada ka juya su zuwa komai.

Wanda ya fi yaudara shi ne faifan da yake da waƙa goma ko sha biyu, kowace na'ura tana kunna shi a matsayin CD, alhali mai buga shi daga MP3 ya ɗauko. Irinsu sun yi yawa a kasuwa a shekarun da kowane shago yake buga faifai. Ana gane su in an buɗe waƙar a manhajar da take zana hoton sauti, kamar Spek ko Audacity. CD yana iya ɗaukar sauti har zuwa hez 22,050 (hez shi ne awon kaifin sauti), MP3 na 128 kuwa galibi yana datse abin da ya haura wajen 16,000, sai ka ga saman hoton an yanke shi ƙat kamar da reza. Amma kada ka yi saurin zargi: tsohon kiɗan da aka ɗauko daga kaset shi ma ba ya kai sama, sai dai nasa a hankali yake dushewa, ba a miƙe ba.

Waƙoƙin cikin faifan bidiyo fa?

Sautin VCD matsattse ne tun daga gida, MP2 ne mai kilobit 224. Ana iya ciro shi yadda yake ba tare da an sake matsawa ba, kuma hakan ya fi a mayar da shi MP3.

In na tura wa wani ta Xender ko Bluetooth ko WhatsApp, yana raguwa?

Tura fayil kwafe ne, ko ya bi salula ɗari yana nan yadda yake. A WhatsApp ka tura shi a matsayin takarda, wato dokiman, zai isa ba a taɓa shi ba. Abin da yake kashe waƙa shi ne wanda zai kunna ta a rediyo ya kanga salula ya ɗauka da maɓallin saƙon murya. Haka kuma Facebook da TikTok da YouTube duk suna sake matse abin da aka ɗora musu. Sauraro ta lasifikar Bluetooth ma akwai matsi a kan hanya, amma fayil ɗin da ke salularka bai canza ba.

Kaset fa, shi ma haka abin yake?

A'a, nan tsoron naku yana da gaskiya. Kaset ba lambobi a ciki, sai an kunna shi daga farko har ƙarshe kwamfuta tana aunawa, mai minti 90 sai ya ci minti 90. Kan rikoda in da datti, ko ya goce, ko robar da ke jan zare ta saki, ko an ƙure ƙara har ta fashe, duk za su shiga cikin fayil. Mutum biyu su juye kaset ɗaya, sakamako biyu za a samu. Don haka a goge kan da auduga da alkol, a haɗa da igiya ba a kanga makirfo ba, a ajiye a WAV ko FLAC.

Halal ne in juye in raba wa mutane?

Juye faifanka don kada ya mutu a hannunka abu ne, buga shi kana sayarwa wani abu ne. Mawaƙi da makaɗansa da mai situdiyo guminsu ne a ciki, kuma a Nijar akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA. In mai waƙar yana raye kuma ana samun aikinsa a hannunsa, saya a wurinsa.

Bayan an juye, in zubar da faifan?

Kada ka zubar, amma kada ka dogara da shi. Faifan kamfani da aka buga da inji yana da ƙarko. Wanda aka buga a shago, CD-R, mai bayan kore ko shuɗi ko ruwan zinariya, sautinsa a jikin wani rini yake wanda leza ta ƙona, kuma rana da zafi suna cin rinin nan. Zafin watan Afrilu da Mayu a Maradi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe. Na sha ganin faifai fes babu kurji ko ɗaya, amma ya ƙi karantuwa daga bakin waje, inda waƙoƙin ƙarshe suke. Sa shi a gidansa, a tsaye, cikin akwati a ɗaki mai sanyi.

Uwar kuma kada ta zauna wuri guda. Memwar da kile na arha suna mutuwa ba sallama, wasu ma ƙaryar girma aka rubuta musu: a jiki giga 64, in ka wuce ɗan abin da suke ɗauka da gaske sai su soma cinye na farko, sunayen waƙoƙi suna nan amma ba sa buɗuwa. FLAC yana da wata riba a nan, don yana ɗauke da lambar shaidarsa a ciki, ko bayan shekaru manhaja za ta iya dubawa ta gaya maka ko ya lalace. Ni nakan ce a yi kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta ko babban diski na waje, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa. Na Alhaji uku muka yi: ɗaya yana wurinsa a Tibiri, ɗaya wurin ƴar a Yamai, na ukun yana cikin kwamfutar shagona, ya ce in bar shi nan ko da zai sake bukata.